Mace a Bakin Daga: Tsakanin Abin da Shari'a Ta Ɗauke da Abin da Ta Hana

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin addini kan mace ta ɗauki makami ta tsaya a fagen fama. Ta fi mai da hankali ga fiƙihun Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa, ta kuma leƙa Yahudanci da Kiristanci. An ɗauki cece-ku-cen da ya tashi a Nijeriya a 2017 kan horar da mata hafsoshin yaƙi a matsayin mafarin bincike. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne cewa malaman fiƙihu sun ɗauke wa mace wajibcin yaƙi ba tare da sun haramta mata shi ba, kuma nauyin maganarsu ya fi sauka a kan yanayin da za ta yi aikin a cikinsa.

Gabatarwa



A shekarar 2011, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna ta ɗauki 'yan mata 20 a kwas ɗin hafsoshin yaƙi na dindindin, karo na farko a tarihinta. Akwai mata a sojan Nijeriya tun kafin nan, har Aderonke Kale ta kai muƙamin Manjo Janar a 1994, amma ta ɓangaren likitanci ta kai. Bambancin wannan kwas shi ne daga cikinsa ake samun masu jagorantar bataliya da birged, daga cikinsa kuma ake naɗa manyan hafsoshin rundunoni. A watan Nuwamban 2017 jaridar Punch ta ruwaito cewa an yanke shawarar daina ɗaukar mata a kwas ɗin, ta kuma danganta hakan da matsin lambar wasu shugabannin Musulmin Arewa da ba ta ambaci sunayensu ba. Hedikwatar Tsaro ta musanta labarin, aka ci gaba da ɗaukar matan.

Abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne yadda aka yi muhawarar. Wasu sun ɗauka kai tsaye cewa ai Musulunci ne ya hana, suka yi ta yi wa addinin tofin Allah tsine. Wasu kuma daga cikinmu suka amsa laifin da ba a tabbatar ba, suka ce e, haramun ne, ko ana so ko ba a so. Kaɗan ne ƙwarai suka buɗe littafi. Wannan maƙala ƙoƙari ne na buɗe littafin.

Matan da Suka Fita Tare da Annabi

Babu saɓani cewa mata sun fita yaƙe-yaƙe tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buhari ya ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa sukan shayar da mayaƙa ruwa, su yi jinyar masu rauni, su mayar da waɗanda aka kashe Madina. Muslim ya ruwaito cewa Ummu Aɗiyya ta halarci yaƙi bakwai, tana tsaron kaya, tana girki, tana jinya. Bayan yaƙin Handaƙu, a tantin Rufaida da ke masallaci aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu. Duk wannan aikin bayan sahu ne, kuma shi ne mafi yawan abin da ya zo a ruwaya. Dole mai adalci ya fara da faɗin haka.

Sai dai akwai waɗanda suka wuce nan. Mu tsaya kaɗan a kan Nusaiba 'yar Ka'abu, wadda aka fi sani da Ummu Ammara. Ranar Uhudu, shekara ta uku bayan hijira, ta fito da salkar ruwa tare da mijinta da 'ya'yanta biyu, Abdullahi da Habibu. Da hantsi nasara tana hannun Musulmi. Da maharba suka sauko daga tudu, dawakin Ƙuraishawa suka zagayo ta baya, sahu ya watse, sai ta ajiye salkar ta ɗauki takobi da baka ta tsaya cikin 'yan tsirarun da suka rage a kusa da Annabi. Ibnu Ƙami'a ya sare ta a kafaɗa, sara mai zurfi wanda ta shekara tana jinyarsa, kuma masu tarihi irin su Ibnu Sa'adu sun ƙirga mata rauni fiye da goma a wannan yini. Bayan shekaru, a zamanin Halifa Abubakar, ta fita yaƙin Yamama a kan Musailama, wanda ya yi wa ɗanta Habibu kisan gilla, a can kuma ta rasa hannu. Fitar Uhudu ana iya cewa larura ce ta riske ta tana riƙe da salka. Fitar Yamama kuwa da niyya ta yi ta, da sanin Halifa.

Ummu Sulaim ta riƙe wuƙa ranar Hunaini, ta ce ta tanade ta ne domin duk maƙiyin da ya matso kusa da ita, kuma Annabi bai karɓe ta ba. 'Yar uwarta Ummu Haram ta ji Annabi yana ba da labarin mutanen al'ummarsa da za su yi yaƙi ta teku, ta roƙe shi ya yi mata addu'ar kasancewa cikinsu, ya kuwa yi mata. A zamanin Halifa Usmanu ta shiga jirgin ruwa da mijinta Ubada ɗan Samitu a rundunar Mu'awiya zuwa tsibirin Ƙubrus, a can ta rasu. Buhari ya ware babi a Littafin Jihadi da ya sa wa suna da yaƙin mata tare da maza, ko da yake Ibnu Hajar, mai sharhinsa, ya lura cewa hadisan da ke ƙarƙashin babin ba su fito fili sun ce matan sun gwabza ba.

Zan ja hankalin ɗalibai a kan suna ɗaya. Haula 'yar Azwar ta shahara ƙwarai, har Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sa wa makarantar horar da sojojinta mata sunanta. Amma labarinta ya fi fitowa daga littafin Futuhus Sham da ake jingina wa Waƙidi, kuma masu tantance ruwaya da dama suna shakkar ingancinsa. Wanda yake da Nusaiba ba ya bukatar ya dogara da ruwaya mai rauni.

Abin da Fiƙihu Ya Gina

Hujja mafi ƙarfi ta masu hanawa ita ce hadisin Nana A'isha a Buhari, inda ta tambaya ko mata za su yi jihadi, Annabi ya nuna mata cewa aikin hajji karɓaɓɓe shi ne nasu jihadin. A kan wannan da makamantansa mazhabobi huɗu suka haɗu cewa namiji ne ake ɗora wa farillar yaƙi. A Muhtasar na Halilu, wanda duk babban almajirin zaure a Kano ko Zariya ko Damagaram ya san nauyinsa, an jera kasancewa mace tare da rashin lafiya da yarinta da makanta da gurguntaka a cikin abubuwan da ke sauke wannan farilla. Risalar Ibnu Abi Zaidin ta ce ba a yanka wa mace kaso a ganima. Mafi yawan malamai na wasu mazhabobi sun ce a ba ta wani ihsani da bai kai kaso ba, bisa amsar da Ibnu Abbas ya ba Najda a Sahihu Muslim, Auza'i kuwa ya ce a ba ta kaso cikakke.

A nan ne nake roƙon a natsu. Sauke farilla daban, haramtawa daban. An sauke wa mace sallar Juma'a, amma idan ta je ta yi, sallarta ta inganta, ta kuma ɗauke mata azahar. Gurgu yana cikin jerin Halilu, amma Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, ya nace sai ya fita Uhudu, aka bar shi, ya yi shahada a can. Ba wanda ya ce ya yi saɓo. Duk wanda ya karanta rangwame a matsayin hani ya sa a bakin malamai maganar da ba su yi ba.

Halilu bai tsaya nan ba. A babin nan dai ya ce idan maƙiyi ya afko wa gari ba zato, yaƙi ya zama farilla a kan kowane mutum, ya kuma ambaci mace da sunanta a cikin waɗanda farillar ta hau kansu. Sannan ya hana a tafi da mace ƙasar maƙiya, amma ya togace rundunar da ake da amincin tsaronta. Wannan togaciya ita ce zuciyar maganar. Ta nuna cewa abin da malamin yake gudu shi ne mace ta faɗa hannun abokan gaba a ci mutuncinta. Idan hukunci ya rataya a kan dalili, to yana tafiya tare da dalilin, ya tsananta idan haɗarin ya tsananta, ya sassauta idan ya ragu. Haka kuma malaman da suka hana kashe matan abokan gaba sun togace wadda ta ɗauki makami tana yaƙi, wato fiƙihu ya san akwai mace mayaƙiya, ya kuma tanadar mata hukunci.

Akwai wurin da maganar ta fi wuya, ba zan kewaye shi ba. Rahoton 2017 ya ce tsoron da ake yi shi ne wata rana mace ta shugabanci rundunar soja. Hadisin Abu Bakrata a Buhari, wanda ya zo lokacin da Farisawa suka naɗa 'yar Kisra sarauta, ya kore rabauta ga mutanen da suka miƙa ragamarsu ga mace. Jumhurun malamai sun ɗauke shi a kan shugabancin ƙoli, suka faɗaɗa shi zuwa alƙalanci. Abu Hanifa ya yarda mace ta yi alƙalanci a abin da ba haddi ko ƙisasi ba, an kuma ruwaito daga Ɗabari cewa ya yarda gaba ɗaya. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko kyaftin mai jagorantar kamfani, wadda ke ƙarƙashin kwamanda, shi ma yana ƙarƙashin wani, dukkansu kuma doka ta ɗaure su, tana cikin ma'anar hadisin. A fahimtata ba ta ciki, domin ragamar al'umma ba a hannunta take ba. Na san akwai malaman da nake girmamawa da ba su ga haka ba, musamman idan maganar ta kai ga kujerar babban hafsa. Wannan saɓani ne na ijtihadi, ya kamata a yi shi da hujja a bainar jama'a, kowa ya sa sunansa a ƙarƙashin ra'ayinsa.

Ƙasashen Musulmi na yau ma ba su tsaya wuri ɗaya ba. Maryam al-Mansuri ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta tuƙa jirgin yaƙi samfurin F-16 a hare-haren da aka kai wa ƙungiyar IS a 2014. Pakistan tana da mata matuƙa jiragen yaƙi. Saudiyya ta buɗe wa mata ƙofar aikin soja a 2021. Kuwait ma ta buɗe a 2021, amma a farkon 2022, bayan an nemi fatawa, ta sa sharaɗin izinin waliyyi ko miji, da hijabi, da tsayawa a aikin jinya da tallafi, ba tare da riƙe makami ba. Littattafai ɗaya ake karantawa a waɗannan ƙasashe. Da nassi ne yankakke, da ba a rabu haka ba.

Leƙawa Maƙwabta

Abin mamaki ne yadda Yahudanci ya bi kusan wannan hanya. Malaman Talmud sun fassara ayar Maimaitawar Shari'a 22:5, wadda ta hana mace sa kayan namiji, da cewa ta haɗa da fita yaƙi da makami. Amma Mishna ta raba yaƙin ganin dama da yaƙin wajibi, ta ce a na wajibi har amarya sai ta fito daga ɗakinta. Isra'ila tana tilasta wa mata aikin soja tun dokar 1949, manyan limamanta sun yi adawa da hakan, shi ya sa aka ba mace damar neman a ɗauke mata saboda addini. Shari'ar Alice Miller a 1995 ce ta buɗe wa mata makarantar tuƙin jiragen yaƙi a can.

A Kiristanci, masu goyon baya sukan kawo Debora da Yayel a Littafin Mahukunta, da Joan ta Faransa wadda aka ƙona a 1431, cocin Katolika kuma ya ayyana ta waliyyiya a 1920. Masu adawa sukan nuna cewa a Littafin Ƙidaya maza 'yan shekara ashirin zuwa sama kawai aka ƙirga domin yaƙi, kuma kare mace nauyi ne da Allah ya ɗora wa namiji. Babban taron cocin Baptis na kudancin Amurka ya zartar da ƙudurin adawa da tura mata fagen fama a 1998, amma hakan bai hana Amurka ɗage takunkumin a 2013 ba, ta kuma buɗe dukkan guraben yaƙi a ƙarshen 2015. Na kawo wannan ne domin a ga cewa jayayyar tana cikin kowane addini, tsakanin mabiyansa. Kuskure ne a mayar da ita rigimar Musulmi da Kirista, ko ta Arewa da Kudu.

Yaƙin da Ya Iske Mu a Gida

Idan aka tashi wannan magana a ƙasar Hausa, sunan Sarauniya Amina ta Zazzau yakan fara fitowa, wadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci yaƙe-yaƙenta a Infaƙul Maisuri, sai Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari rundunar Faransawa a 1899. Su hujja ce ta tarihi, suna nuna cewa mace mayaƙiya ba baƙon tunani ba ne a nan. Ba su zama hujjar shari'a ba, don haka zan wuce.

Abin da ya fi kusa da shari'a shi ne halin da muke ciki. Malaman da suka rubuta babin jihadi suna hango rundunar da ke tafiya wata ƙasa ta bar mata cikin ganuwa. Mu kuwa yaƙi ne ya tsallako ganuwar. An kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a Afrilun 2014, aka kwashe 110 a Dapchi a Fabrairun 2018. A Zamfara da Katsina da Sakkwato, matar da ke ɗakinta cikin kulle ita ake shiga a ɗauka. Idan dalilin hukuncin Halilu shi ne gudun kada a kama mace, to a ƙauyukanmu na yau zaman gida bai ba ta wannan aminci ba. Kuma afkowar maƙiyi ba zato, wanda ya ce yana ɗora farilla har a kan mace, ya zama labarin kowane dare.

Sannan Boko Haram ta mayar da jikin mace makami. Tun daga harin Gombe na Yunin 2014 ta riƙa ɗaura wa mata da ƙananan yara bam. Wani nazari da cibiyar yaƙi da ta'addanci ta makarantar soja ta West Point ta fitar a 2017 ya ƙirga 'yan ƙunar baƙin wake 434 daga 2011 zuwa tsakiyar 2017, aƙalla 244 daga cikinsu mata ne. Mu dubi abin da wannan ya haifar a ƙofar kasuwa. Ga dattijuwa ta zo da hijabinta har ƙasa, jikarta na riƙe da gefensa. Ga soja saurayi a bayan buhunan yashi, yatsansa a kan kunamar bindiga, yana daka mata tsawa ta tsaya daga nesa ta ɗaga hijabin. Shi yana tsoron ransa, kuma yana da dalili. Ita tana jin kunyar da ba ta taɓa ji ba tun da aka kai ta ɗakin miji. Babu mai raba wannan sai wata mace da za ta ja ta gefe ta duba ta cikin sutura. Shi ya sa 'yan ƙato-da-gora a Maiduguri suka sa mata a shingayen bincike. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kuma wadda aka tsayar a wannan shinge tana bakin daga ko an rubuta haka a takardar aikinta ko ba a rubuta ba, domin ita ce ta farko da bam zai taɓa. Tsayar da ita a nan ba horo ba makami zalunci ne.

Akwai waɗanda suka riga suka shiga. A'isha Bakari Gombi, mafarauciya daga Adamawa, ta jagoranci maza cikin daji suna farautar 'yan ta'adda. Blessing Liman, 'yar kudancin Kaduna, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a Nijeriya. A Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni fiffiken matuƙiyar jirgin yaƙi, aka liƙa wa Tolulope Arotile na helikwaftan yaƙi, ita kuma ta yi aiki a kan 'yan bindiga kafin rasuwarta a Kaduna ranar 14 ga Yulin 2020. Mai tuƙa jirgi da ilimi da natsuwa take yaƙi, kuma wannan ya rage nauyin hujjar ƙarfin damtse, ko da yake bai share ta ba a aikin sojan ƙasa.

Inda Damuwar Iyaye Take

Idan ka zauna da uba a Funtuwa ko Azare ka tambaye shi dalilin da ba zai bar 'yarsa ta shiga soja ba, da wuya ya kawo maka Abu Bakrata. Zai ce maka bariki. Zai tambaye ka wa zai horar da ita, ina za ta kwana, da wane kaya za ta fita fareti, wa za ta kai wa kuka idan na gaba da ita ya neme ta da lalata, kuma yaya aurenta da goyonta za su kasance. Waɗannan tambayoyi na addini ne, kuma ina tare da shi a kansu ɗari bisa ɗari. Cin zarafin mata a cikin rundunoni matsala ce da har sojan Amurka yake fama da ita, kuma tsarin soja, inda ƙarami ba ya musu da babba, yana ƙara mata muni.

Amma kowace daga cikinsu tana da magani a hannun hukuma. Sojan ƙasa na Amurka ya halatta hijabi a 2017. Afirka ta Kudu ta gyara dokar kakinta a 2021 bayan shari'ar Manjo Fatima Isaacs. A gida ma, rundunar 'yan sanda ta amince a 2022 mata su ɗaura kallabi a ƙarƙashin hular aiki. Sojan ƙasa na Nijeriya ya kafa sashen mata a 2018, wanda zai iya zama tushen masu horarwa mata da ɗakunan kwana na daban da hanyar kai ƙara da ba ta bi ta ofishin wanda ake ƙara ba. Kuma a tuna aikin soja a Nijeriya na sa-kai ne. Ni ma ba na goyon bayan a tilasta wa mace, domin wannan zai ɗora mata abin da shari'a ta sauke mata. Maganar ita ce kada a rufe wa wadda ta zo da kanta ƙofa, ta cika sharuɗɗan gwaji ba tare da an rage mata ba, iyayenta kuma sun sa albarka.

Idan muka ƙi, rundunar ba za ta daina ɗaukar mata ba. Za ta ci gaba, sai dai 'ya'yanmu ba sa ciki. Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce hafsoshi da kurata su nuna fuskar tarayya, kuma gurbin da jiha ba ta cike ba asararta ce. A sansanin 'yan gudun hijira, matar da aka ceto daga daji tana bukatar jami'a mai jin Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, wadda ta san abin da ba a faɗa wa namiji.

Roƙona ga malamai da masu nazari shi ne su miƙa wa Jama'atu Nasril Islam da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci da Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya buƙatar su zauna da Hedikwatar Tsaro, a fitar da rubutattun sharuɗɗa kan sutura da masauki da horo da kariya daga cin zarafi, kuma a gayyaci matan da ke sanye da kaki a yanzu su faɗi abin da suke gani da bakinsu. Malamaina, ku ne kuke da littattafan, ku iyaye suke saurare a masallaci da rediyo. Ku gaya musu abin da Halilu ya sauke, ku gaya musu abin da ya wajabta, sannan ku taya su neman barikin da uba zai iya kai 'yarsa da hannunsa.